Shin jaz mai 'yanci da kiɗan ƙara kiɗa ne, ko kuwa hayaniya ce kawai?

Mai tambayar ya ce ya daɗe yana jin daɗin jaz irin na Louis Armstrong da Miles Davis, sai wani abokinsa ya ba shi faifan Ornette Coleman mai suna Free Jazz tare da wani faifai na ɗan Japan ɗin nan Merzbow, ya kunna kowannensu na 'yan mintoci ya kashe, domin bai ji karin da zai riƙe ba, bai kuma ji bugun da zai bi da ƙafa ba. Yana son ya san ko akwai wata ƙa'ida a cikin irin wannan kiɗa, ko kuwa mutanen da suka kasa koyon sana'ar ne suka fake da sunan fasaha, kuma idan akwai ƙa'idar, ta wace ƙofa ake shiga.

Malam, ƙa'ida tana nan, amma an ɗauke ta daga wurin da kunnenka ya saba samunta an kai ta wani wurin, kuma duk wanda ya ci gaba da nemanta a tsohon mazauninta ba zai ji komai ba sai ruɗani. Kafin in yi bayani, ya kamata a raba faifan nan biyu, domin abokinka bai kyauta maka ba da ya haɗa maka su a zama ɗaya. Asalinsu daban ne, abin da kowannensu yake nema a wurin mai sauraro ma daban ne. Na farkon ya fito ne daga cikin jaz na baƙaƙen fatar Amurka, kuma tsarinsa yana cikin yadda makaɗa suke sauraron juna. Na biyun ya biyo wata hanya da ta taso daga Turai ta ratsa ta ɗakunan ɗaukar sauti har ta kai Japan, kuma tsarinsa yana cikin jikin sautin kansa, wato kaurinsa da kaifinsa da yadda yake sauyawa.

A jaz ɗin da ka saba ji, makaɗa sukan yi ittifaƙi a kan wani zagaye tun kafin su fara. Zagayen yakan kasance mai gaɓa 12 idan bulus ne, wato tsohon salon waƙar baƙaƙen fatar Amurka, ko mai gaɓa 32 idan waƙar yayi ce, kowace gaɓa tana ɗauke da bugu huɗu, kuma an riga an san jerin kod ɗin da za a bi, wato sautuka uku ko huɗu da ake haɗawa a buga lokaci guda. Sai a fara da karin waƙar, sannan kowane mabushi ya karɓa ya ƙirƙiri nasa nan take a kan wannan zagaye, mai piyano da mai bes, wato babban abin kiɗa mai tsirkiya mai zurfin murya, suna tuna masa inda aka kai, daga ƙarshe a koma kan karin a rufe. Ko da mabushin ya yi nisa ƙwarai, kunnenka yana jin zagayen yana juyawa a ƙarƙashinsa, shi ya sa ba ka ɓacewa. A zamanin Charlie Parker, cikin shekarun 1940, an ƙara wa wannan tsari sauri da yawan kod har ya zama jarrabawa mai tsanani, kuma a ƙarshen shekarun 1950 wasu makaɗa sun fara jin cewa zagayen ne yake yanke musu abin da za su busa tun kafin su yi tunaninsa.

Ornette Coleman, wanda aka haifa a Fort Worth ta jihar Texas a 1930, shi ne ya fito fili ya ajiye zagayen. Abin da ya yi bai kai yadda ake kururuta shi ba: ya riƙe karin waƙa a farko da ƙarshe, ya riƙe bugu a mafi yawan ayyukansa, amma a tsakiya ya ce karin da mabushi yake ƙirƙira shi zai ja ragama, sauran su bi shi da kunne duk inda ya nufa. Domin haka ne ya cire piyano daga ƙungiyarsa, tun da piyano ne yake ɗaure kowa da kod. Bai sha da daɗi ba a kan wannan ra'ayi. A 1949 an lakaɗa masa duka a Baton Rouge aka lalata masa saksafon, a Los Angeles kuma ya yi aikin tuƙa lif domin ya ci abinci, makaɗa suna sauka daga dandamali idan ya hau. A watan Nuwamba na 1959 ya zo Niyok da ƙungiyarsa ta mutum huɗu, yana riƙe da farin saksafon na roba, aka ɗauke su mako biyu a wani ƙaramin gidan kiɗa mai suna Five Spot, zaman ya miƙe har mako goma saboda cikar jama'a, makaɗan birnin kuma suka rabu biyu a kansa.

Da ni ne abokin naka, da na fara ba ka faifansa na 1959, The Shape of Jazz to Come, in ce ka tsaya a kan kiɗan farko, Lonely Woman. Ka kula da yadda yake buɗewa. Charlie Haden yana tsinkar tsirkiyar bes a hankali, yana komawa kan sauti guda mai zurfi kamar wanda ya ƙi barin wurin. Billy Higgins kuwa yana kaɗa farantin tagulla da sauri sosai, a sama, ba tare da ya jira kowa ba. Sai saksafon ɗin Coleman da ƙaramin turamfet na Don Cherry su shigo tare da wani kari mai jan rai, a hankali ƙwarai, ba su bi saurin mai ganga ba, ba su kuma daidaita bakinsu da juna ɗari bisa ɗari ba, ɗaya yana ɗan riga ɗaya da ƙiris. Gudu uku ke nan a lokaci guda, kuma damuwar da kiɗan yake sa wa mutum daga wannan saɓani take fitowa. Wanda ya ji wannan sau biyu ko uku ya riga ya kama mabuɗin al'amarin, domin zai gane cewa rashin daidaituwar da gangan aka gina ta.

Faifan Free Jazz da ka kashe an ɗauke shi ne ranar 21 ga Disamba, 1960, kuma tsawonsa ya kai kusan minti 37 ba tsayawa. Ƙungiyoyi biyu ne masu mutum hurhuɗu suke kiɗa lokaci guda, an sa ɗaya a lasifikar hagu, ɗaya a ta dama. A hagu akwai Coleman da Cherry da Scott LaFaro da Higgins, a dama kuma akwai Eric Dolphy da Freddie Hubbard da Haden da Ed Blackwell. Akwai bugu a cikinsa daga farko har kusan ƙarshe, ɗaya daga masu gangar yana riƙe da shi, ɗayan yana ninka saurinsa. Akwai kuma gajerun sassa da aka rubuta, waɗanda mabusa suke busawa tare domin su nuna cewa zangon wani ya ƙare na wani ya kama, kuma a kowane zango mutum ɗaya ne a gaba, sauran suna da izinin sa baki, su amsa masa ko su tsokane shi ko su yi shiru. Wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan daushe a Kano ya san irin wannan sauraro: makaɗan wani hakimi ba su gama wucewa ba na mai bi masa sun iso, kowa da takensa, sautukan suna hawa kan juna, amma kunne yakan zaɓi tawaga ɗaya ya bi ta, sauran su zame masa bango. Haka za ka yi a nan. Ka sa abin sauraro a kunne, ka bi Haden shi kaɗai na minti biyar, sannan ka koma kan Dolphy, za ka ji yadda yake ɗaukar guntun jimlar wani ya juya ta ya mayar masa. Kada kuma ka ji kunyar kashewar da ka yi, domin mujallar DownBeat da kanta ta ba masu sharhi biyu faifan, ɗaya ya ba shi tauraro biyar, ɗayan bai ba shi ko ɗaya ba.

Zargin rashin iyawa shi ne ya fi saurin faɗuwa idan aka dubi mutanen da suka shiga wannan hanya. John Coltrane ya ɗauki Giant Steps a 1959, kiɗan da kod yake sauyawa kusan kowane bugu biyu cikin matsanancin sauri, wanda har yau ɗaliban jaz suke gwada ƙwarewarsu da shi. Mutumin da ya kai ilimin kod wannan matsayi shi ne ya tara makaɗa 11 a watan Yunin 1965 suka ɗauki Ascension, inda saksafon biyar da turamfet biyu suke kururuwa tare, sannan su janye su bar mutum ɗaya, sannan su sake rufowa. Cecil Taylor, wanda ya riƙa dukan piyano da tafin hannu da damtse har a ɗauka ganga yake kaɗawa, ya yi karatun kiɗa a New England Conservatory da ke Boston, kuma ya shahara da tsawon atisaye. Ita kanta kururuwar saksafon aiki ce mai wuya. A bakin saksafon akwai ɗan siririn ɓallin gora da yake karkarwa idan an hura, kuma kowane sauti da ya fito yana ɗauke da wasu sautuka na sama a ɓoye cikinsa. Mabushin da ya iya sarrafa leɓɓansa da maƙogwaronsa da yatsunsa yakan fito da waɗannan ɓoyayyun sautuka, ko ya sa biyu ko uku su fito lokaci guda daga abin busar da aka ƙera domin sauti ɗaya. Ɗan koyo ma yakan yi irin wannan ƙara bisa kuskure, amma ba zai iya maimaita ta gobe a daidai inda yake so ba, kuma a nan bambancin yake.

Wanda ya fi kowa nisa a wannan fanni, a ganina, shi ne Albert Ayler. A faifansa Spiritual Unity, da aka ɗauka a Yulin 1964 tare da Gary Peacock da Sunny Murray, yakan fara da kari mai sauƙi ƙwarai, irin wanda yaro zai iya rerawa, mai kama da waƙar coci ko ta faretin soja, yana busa shi da murya mai kauri da rawa, sannan ya yayyaga shi har ya koma gurnani da kuka, sannan ya dawo da shi. Murray kuwa ya daina ƙirga bugu gaba ɗaya, yana zuba sautin tagulla da ganga yana ƙaruwa yana raguwa gwargwadon numfashin mabushin. A nan ne bugun da ake bi da ƙafa ya ɓace da gaske, aka maye gurbinsa da hawa da saukar ƙarfi. Coltrane ya girmama Ayler matuƙa, kuma da Coltrane ya rasu a Yulin 1967 yana da shekara 40, Ayler da Coleman ne suka yi busa a wurin jana'izarsa. Shi ma Ayler bai yi tsawon rai ba, an tsinci gawarsa a kogin East River na Niyok a watan Nuwamba na 1970.

Ba za a fahimci zafin wannan kiɗa ba idan aka raba shi da zamaninsa, lokacin da baƙaƙen fatar Amurka suke gwagwarmayar neman 'yancinsu, ko da yake kuskure ne a ce kowace ƙara zanga-zanga ce, domin wasunsu addu'a suke nufi da ita, wasu kuma bincike ne kawai na abin da abin busa zai iya yi. Abin da ya fi tabbata shi ne siyasar neman abinci. Gidajen rawa ba sa son kiɗan da ba ya sa a sayi abin sha, saboda haka makaɗan suka koma shirya wa kansu. Bill Dixon ya shirya wani taron kwana huɗu a Niyok a Oktoban 1964, a Shikago kuma Muhal Richard Abrams da abokansa suka kafa AACM, ƙungiyar ciyar da makaɗa masu ƙirƙira gaba, a 1965, wadda take nan har yau. Mutanen Shikago sun kawo abin da na Niyok suka yi ƙarancinsa, wato shiru da fili. Ƙungiyar Art Ensemble of Chicago takan cika dandamali da ƙararrawa da usur da gwangwani da ƙananan ganguna, ta bar sauti ɗaya ya mutu kafin wani ya taso. Idan kaurin Ascension ya yi maka yawa, wataƙila ta wannan ƙofa za ka fi samun shiga.

A Turai abin ya ɗauki wata kama. Peter Brötzmann ya tara mutum takwas a birnin Bremen na Jamus a Mayun 1968 suka ɗauki Machine Gun, da saksafon uku da bes biyu da masu ganga biyu da piyano, kuma har yau ba a cika samun faifan jaz da ya kai shi tsanani ba. A Landan, mai jita Derek Bailey ya nemi ya kauce wa duk wani salo da aka sani, har da na jaz ɗin kansa. Abin da ba a cika ambata ba shi ne rawar da 'yan Afirka ta Kudu suka taka a can: ƙungiyar Blue Notes, mai baƙaƙe da farar fata ɗaya, ta bar ƙasarta a 1964 saboda mulkin wariyar launin fata ya hana su kiɗa tare cikin kwanciyar hankali, kuma 'yan ƙungiyar, Dudu Pukwana da Johnny Dyani da Louis Moholo, suka zuba wa kiɗan Landan wani zafi da karin gida da ba shi da su a da.

Faifai na biyu da aka ba ka labarinsa daban ne, kuma ya girmi jaz mai 'yanci. A 1913 wani mai zane ɗan Italiya, Luigi Russolo, ya wallafa wata takardar kira yana cewa kunnen mutumin birni ya riga ya saba da injuna da jiragen ƙasa, saboda haka ya kamata kiɗa ya karɓi ƙararsu. Ya ƙera wasu akwatuna masu bakin ƙaho, ana juya musu hannu suna gurnani ko ƙugi ko fito, kuma wasan da ya yi da su a Milan a 1914 ya ƙare da dambe. Na'urar ɗaukar sauti ce ta mayar da wannan buri abin yi. A 1944, a Alƙahira, wani ɗalibi ɗan Masar mai suna Halim El-Dabh ya ɗauki muryoyin mata a wurin bikin zar, wanda yake da kama da bori ta wasu fuskoki, a kan na'urar da take ɗaukar sauti a jikin waya, ya kai situdiyo ya yi ta sarrafa su da amsa-kuwwa da tacewa har suka koma wani abu dabam. Ya yi wannan shekara huɗu kafin Pierre Schaeffer ya haɗa kiɗa da ƙarar jiragen ƙasa a gidan rediyon Faransa a 1948, ko da yake Schaeffer ne littattafai suka fi ba wa lambar farawa. Sai John Cage a Amurka, wanda ya riƙa cusa kusoshi da roba tsakanin wayoyin piyano domin ya sauya muryarsa, kuma a ranar 29 ga Agusta, 1952, a Woodstock ta jihar Niyok, mai piyano David Tudor ya gabatar da aikin Cage na minti huɗu da daƙiƙa 33, inda ya zauna gaban piyano bai buga ko sauti ɗaya ba, jama'a suka saurari iska da yayyafi da gunagunin junansu. Ra'ayina game da wannan aiki shi ne tambaya ce mai kyau wadda ta isa a yi ta sau ɗaya, amma ta buɗe ƙofar da duk masu kiɗan ƙara suka bi.

Merzbow sunan aiki ne na Masami Akita, wanda ya fara a 1979 a Tokyo, kuma ya fitar da ɗaruruwan faifai, har da wani akwati mai faifai 50 a shekarar 2000. Kayan aikin irin waɗannan makaɗa ba su da tsada. Akwai ɗan makirfo mai kamar kwabo da ake mannawa a jikin ƙarfe ko sarƙa ko faranti, wanda ba ya jin iska sai girgizar abin da aka manna shi a kai. Akwai 'yan akwatunan murɗa sauti na masu jita, da ake jerawa ɗaya bayan ɗaya, kowanne yana ƙara wa sautin ƙarfi har ya fi abin da na'ura za ta iya ɗauka, sai kan sautin ya yanke ya koma ƙirƙir. Sannan akwai kukan lasifika, wanda kowa ya sani a wurin taro idan makirfo ya matsa kusa da lasifika: sautin yana fita ya koma ta makirfo, a ƙara masa ƙarfi ya sake fita, har ya zama fito mai huda kunne. Abin da mai gyaran sauti yake gudu a wurin biki shi ne abin kiɗan waɗannan mutane. Wani ɗan Japan, Toshimaru Nakamura, yakan ɗauki miksa, wato na'urar haɗa sautuka, wadda ba a haɗa ta da kowane abin kiɗa ba, ya ɗauki waya daga mafitarta ya mayar mashigarta, sai na'urar ta riƙa jin kanta. Idan ya murɗa maɓalli da ƙiris, fiton ya koma ɗiga kamar agogo. Idan ya ƙara, ɗigar ta haɗe ta zama ƙugi mai girgiza ƙirji. Bai mallaki abin da zai fito gaba ɗaya ba, yana lallaɓa shi ne, kuma ƙwarewarsa tana cikin sanin lokacin da zai saki da lokacin da zai kama.

Saboda haka idan ka koma kan Merzbow, kada ka nemi kari ko jimla. Ka nemi hawa-hawa. Mafi yawan lokuta akwai ƙugi a ƙasa wanda yake maimaita kansa, akwai ƙirƙir a tsakiya mai yawan motsi, akwai kuma kaifi a sama mai shigowa yana fita. Ka riƙe ɗaya daga ciki ka ga tsawon lokacin da zai ɗauka kafin ya sauya, da abin da ya ture shi. Bayan kamar minti goma kunne yakan daina ɗaukar sautin a matsayin hari, ya fara rarrabe abin da yake ciki, kuma lokacin da aka yanke shi kwatsam, shirun da ya biyo baya yakan zama wani ɓangare na aikin.

Ina ganin kunnen Bahaushe ya fi na Bature shirin karɓar wasu daga cikin waɗannan abubuwa, domin ra'ayin cewa sauti mai kyau shi ne sauti tas marar gauraye ra'ayi ne na makarantun kiɗan Turai. Mai garaya da gangan yake maƙala ƙarfe mai zobba a kan sandarta domin kowane bugu ya zo da kwaramniya, mai ganga yakan ɗaura tsirkiya a kan fata domin ta yi zuga, mai algaita kuma yakan tara iska a kumatu yana shaƙa ta hanci ba tare da busar ta yanke ba, dabarar da Evan Parker na Ingila ya gina dogayen busarsa a kanta. Alaƙar ba ta tsaya a kamanni ba. Coleman ya je ƙauyen Jajouka na Maroko a 1973 ya yi busa da masu gaita, 'yar'uwar algaitarmu. Archie Shepp ya hau dandamali da makaɗan Abzinawa a bikin al'adun Afirka na Aljeriya a 1969. Sun Ra ya zo FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya, a Legas a 1977, a shekarar kuma Lester Bowie na Art Ensemble ya zauna wurin Fela har ya yi busa a faifansa. Yusef Lateef ya yi aikin bincike a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya daga 1981 zuwa 1985, inda ya nazarci sarewar Fulani. Amma kada a wuce gona da iri a ce jaz mai 'yanci kiɗan Afirka ne da ya dawo gida. Makaɗin fada yana da take da kirari da ma'anar da jama'a suka sani, kuma ba ya neman rushe su, alhali su waɗannan makaɗa da wata al'ada ta ƙasarsu suke jayayya.

Game da masu fakewa kuwa, akwai su, kuma duk mai gaskiya a wannan fage zai amsa haka. Kiɗan da ba shi da zagayen da za a kama mutum da kuskure a kansa yana da sauƙin shiga ga malalaci, musamman yanzu da kwamfuta take iya fitar da ƙara ta awa guda ba tare da an taɓa ta ba. Ni abubuwan da nake dubawa ba su da yawa. Ina duba ko makaɗan suna jin juna, wato idan mai ganga ya rage ƙarfi ko mabushin ya lura, ko kuwa kowa yana ta kansa. Ina duba ko mutum ya iya yin shiru, domin wanda ba ya iya ajiye abin busarsa na minti ɗaya yawanci tsoro ne yake damunsa. Ina kuma duba ko minti na goma sha biyar ya bambanta da minti na uku ta hanyar da ta sa na uku ya zama dole. Aikin da za a iya yanke shi a ko'ina, a juya sassansa gaba da baya ba tare da an yi asarar komai ba, ban cika ba shi lokacina ba, ko da sunan wa yake ɗauke da shi. Ko manyan ma ba duk abin da suka fitar ne ya cancanci saurare ba, kuma mutumin da ya fitar da ɗaruruwan faifai dole a samu shara a cikinsu.

Idan kana son ka sake gwadawa, ka bi ta inda kunnenka ya riga ya tsaya. Tun da kana son Miles Davis, ka bi Coltrane, wanda ya yi aiki a ƙungiyarsa, daga A Love Supreme na ƙarshen 1964, inda tsari yake nan daram amma busar ta fara tsagewa, sannan Coleman na 1959, sannan Ayler, kafin ka koma kan Free Jazz da ka kashe. A ɓangaren ƙara kuma, ayyukan Pauline Oliveros, wadda ta ɗauki kiɗa a 1988 cikin wata tsohuwar matattarar ruwa ta ƙarƙashin ƙasa inda sauti yake ɗaukar kusan daƙiƙa 45 kafin ya mutu, sun fi dacewa da mai farawa fiye da Merzbow. Idan da hali ka ga ana yi a gabanka, ko a bidiyo, domin ganin hannun makaɗi yana bayyana rabin abin da kunne ya kasa warwarewa.

Sai ka kiyaye kunnenka, domin wannan kiɗa yana iya yi masa lahanin da ba ya warkewa. Ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata suke amfani da shi shi ne desibel 85 na ƙarfin sauti na tsawon awa takwas, kuma duk ƙarin desibel uku yana rage wannan lokaci da rabi, ta yadda a desibel 100 minti 15 kawai mutum yake da shi, alhali wasannin kiɗan ƙara sukan wuce haka. Masu zuwa irin waɗannan wasanni da yawa sukan sa abin toshe kunne, makaɗan ma haka. A gida kuma ba ka buƙatar ƙure sauti kafin ka ji hawa-hawan da na ambata, hasali ma sun fi fitowa a matsakaicin ƙarfi. Idan ka kashe ka ji kunnenka yana fito shi kaɗai, ka riga ka wuce iyaka, sai ka rage a karo na gaba.